Daga Mushe zuwa Ɗan Kwantiragi: Tarihin Neman Aikin Koyarwa a Nijar

Ranar da ƙanwata ta gama haɗa takardunta na neman aikin koyarwa, sai ta shimfiɗa su bisa tabarma gaban Baba tana ƙirgawa. Ga takardar haihuwa, ga ta shaidar zama 'yar ƙasa, ga ta kotu mai nuna ba ta taɓa aikata laifi ba, ga ta likita. Ga kwafin birbe, wato shaidar gama ƙaramar sakandare, da na shaidar makarantar horon malamai, duk an buga musu hatimi a ma'aikatar magajin gari. Sai hotuna, sai wasiƙar neman aiki da ta rubuta da hannu ta manna mata tambur.

Baba ya dube su ya ce, "Duk wannan don a ba ki allo da alli?"

Ta ce, "Baba, ai karo na uku ke nan. Ta kotun nan wata uku take yi ta mutu, sai an sake wata."

Ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ni ban taɓa neman aiki ba. Aiki ne ya neme ni."

Ni mai gabatar da shiri ne a gidan rediyo, kuma duk shekara idan watan Oktoba ya kama, lokacin komawa lakwal, wayar shirina ba ta hutawa. Wannan ya ce ya ajiye takardu shekara biyu ba labari. Waccan ta ce an tura ta ƙauye ba a biya ta ba wata uku. Wani kuma ya bugo ya ce malaman yanzu ba su san komai ba, don haka kada su dame mu da kuka. Na daɗe ina sauraron waɗannan kiraye-kiraye kamar ƙorafin yau da kullum. Maganar Baba ce ta sa na tsaya na tambayi kaina: a wace shekara aikin da ke neman mutum ya koma aikin da mutum ke bi da gudu? Amsar tana cikin tarihi, kuma ina ganin mai neman aikin da mai zaginsa duk suna bukatar su ji ta.

Zamanin da Mushe ke mulki

A zamanin Faransawa makarantar boko kaɗan ce a Nijar, malamai kuwa sun fi ta ƙaranci. Yaron da ya yi fice, sai a tura shi Sanigal, makarantar William Ponty, wadda ta zauna a tsibirin Gore kafin a mayar da ita Sebikotan. Can ake horar da malamai da akawuna na duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Bubu Hama ya fito daga can a 1929, shi ne ɗan Nijar na farko da ya dawo da shaidar malanta daga wannan makaranta. Diori Hamani ma can ya yi karatu, ya kuma koyar kafin ya shiga siyasa. Djibo Bakary, jagoran Sawaba, shi ma malami ne.

Duba inda suka ƙare. Diori ya zama shugaban ƙasa na farko a 1960. Bubu Hama ya riƙe majalisar dokoki har zuwa 1974. Djibo Bakary ya zama magajin garin Yamai a 1956. Ke nan waɗanda suka yi jayayya kan makomar ƙasar nan, daga aji suka fito. Shi ya sa kalmar "Mushe", wadda asalinta kalmar girmamawa ce ta Faransanci, ta zama sunan malamin lakwal a bakin Bahaushen Nijar. A ƙauye, Mushe shi ne mai karanta wasiƙa, shi ne mai rediyo, shi ne wanda mai gari ke kira idan baƙon gwamnati ya zo.

Lokacin da aka samu 'yancin kai, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Gwamnati ta rasa malamai har ta gwada koyar da yara ta talabijin tun daga 1964. A irin wannan yanayi babu zancen neman aiki. Duk wanda ya shiga makarantar horon malamai, a Tawa ko Damagaram ko Tilaberi, ya san gwamnati ce ke ciyar da shi, kuma ran da ya fito takardar tura shi wurin aiki na jiransa, tare da lambarsa ta ma'aikacin gwamnati, wadda muke kira matirkil.

Baba ya fito daga ta Damagaram a tsakiyar shekarun 1970, lokacin mulkin Seyni Kountché, wanda ya karɓi ƙasa a watan Afrilun 1974. Lokacin kuɗin yuraniyom na Arlit na shigowa, ana gina azuzuwa, albashi ba ya wuce ƙarshen wata. Ya ce da albashinsa na shekarar farko ya sayi keke da rediyo, ya kuma tura wa kakanmu kuɗin sa na noma. Wannan shi ne ma'aunin da tsofaffinmu ke auna 'ya'yansu da shi har yau.

Da rijiya ta soma ƙafewa

A farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, ga bashi ya taru, ga fari na 1984. Nijar ta shiga yarjejeniyar tsuke bakin aljihu da Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Babban sharaɗin shi ne a rage abin da ake kashewa kan albashi, kuma malamai su ne rukuni mafi yawa cikin ma'aikata. Daga nan aka soma taƙaita ɗaukar aiki. Alkawarin da ke tsakanin ɗalibi da gwamnati, cewa ka yi karatu za a ɗauke ka, ya fara warwarewa.

Ɗalibai sun ga abin da ke tafe. Ranar 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Ali Saibou, ɗaliban jami'ar Yamai suka fito zanga-zanga kan matakan tsuke aljihu da suka shafi ilimi. A gadar Kennedy aka buɗe musu wuta, uku suka rasu. Wannan jini na cikin abubuwan da suka kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991 da siyasar jam'iyyu da yawa. Sai dai dimokuraɗiyya ba ta zo da kuɗi ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Kaya suka yi tsada, albashi ya riƙa makara wata da watanni, yajin aiki ya bi yajin aiki, har aka yi shekarun da karatu ya lalace gaba ɗaya.

Wannan zamani na gan shi da idona ina ƙarami. Na tuna Inna tana suyar ƙosai a ƙofar gida da asuba, ni ina riƙe mata fitila, Baba kuma yana wucewa lakwal da rigarsa a goge kamar babu abin da ya faru. Na tuna littafin bashi na mai kantin unguwarmu, wanda shafinmu ya fi na kowa tsawo. Duk da haka Baba yana da abin da ƙanwata ba ta da shi: lamba. Albashin zai makara, amma bashi ne a kan gwamnati, kuma akwai fansho a gaba.

Haihuwar kwantiragi

A ƙarshen shekarun 1990 gwamnati ta samu kanta tsakanin abu biyu. Kashi biyu cikin uku na yaran ƙasa ba sa zuwa lakwal, kuma yawan jama'a na ƙaruwa da sauri. A ɗaya gefen, baitulmali ba zai iya ɗaukar dubban malamai da cikakken albashi ba. Sanigal ta riga ta gwada wata dabara tun 1995: a ɗauki matasa a matsayin "masu aikin sa kai na ilimi", a ba su ɗan alawus. Nijar ta bi sahu daga 1998, shekarar da aka kafa babbar dokar tsarin ilimi ta ƙasa. Alawus ɗin ɗan sa kai jika 35 ne a wata, wato sefa 35,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da mai lamba ke samu. Wasu horon kwana 45 kawai aka yi musu aka ba su aji. Daga baya aka canza musu suna zuwa malaman kwantiragi.

Taron Dakar na shekarar 2000 ya ɗora wa ƙasashe burin ilimi ga kowa, masu ba da tallafi suka goyi bayan wannan hanya mai araha. Tandja Mamadou ya zo da shirinsa na musamman na gina azuzuwa dubu a shekara da kuɗin yafe bashi, aka kuma fara shirin ilimi na shekara goma a 2003. A faɗi gaskiya, abin ya yi aiki ta fuska ɗaya. Yaran da ke firamare sun tashi daga kusan kashi 34 cikin 100 a 2000 zuwa sama da kashi 70 cikin shekara goma. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin allo ba suka samu lakwal. Ba don 'yan kwantiragi ba, da miliyoyin yara ba su taɓa riƙe alli ba.

Amma abin da aka kawo a matsayin maganin wucin gadi sai ya zama shi ne tsarin. A 2004 aka yi taro a Bamako kan malaman kwantiragi na ƙasashen yankin, aka amince a riƙa ba su horo na ƙwarai, a kuma buɗe musu hanyar zama cikakkun ma'aikata. Duk da haka, zuwa tsakiyar shekarun 2010, kusan malamai takwas cikin goma na firamare a Nijar 'yan kwantiragi ne. Alawus ya hau zuwa jika 75, amma sunansa bai canza ba: alawus ne, ba albashi ba.

Ƙofa biyu

Wannan tarihi shi ya haifi halin da mai neman aikin koyarwa ke ciki. Baba ƙofa ɗaya ya shiga. Ƙanwata ƙofa biyu ke gabanta. Ta farko ita ce samun kwantiragi. Ta biyu ita ce samun lamba, kuma tsakanin ƙofofin nan akwai zaure mai tsawo, inda wasu ke yin shekara biyar, wasu goma, wasu har furfura. Ɗan kwantiragi yana koyarwa, amma har yanzu mai neman aiki ne. Duk sanarwar da ta fito cewa za a ba wasu adadi lamba, sai ya sake haɗa takardu, ya sake sayen tambur, ya sake jiran jerin sunaye. Masu digirin jami'a kuma da yawa ta hanyar bautar ƙasa ta shekara biyu suke shiga aji a sakandare, idan ta ƙare su ma su shiga layi.

Haɗa takardun kansa jarrabawa ce. Wanda aka haifa a ƙauye ba a yi masa takardar haihuwa ba, sai ya nemi shaidu ya je kotu. Wanda sunansa ya sha bamban da harafi ɗaya tsakanin takardar haihuwa da birbe, zai yi ta zirga-zirga. Kowane kwafi da kuɗinsa, kowace tafiya zuwa babban birnin jiha da kuɗin motarta. A karo na biyu, ƙanwata ta je wani ofis duba sunanta aka ce ba a ga takardunta ba, alhali tana riƙe da rasit. Wani da ke zaune a bakin ƙofa ya ja ta gefe ya ce idan tana da "ɗan abin shan ruwa" za a gansu. Ta dawo gida tana kuka. Baba ya ce ko sisi ba za a bayar ba, aka sake haɗa wasu daga farko.

Idan an dace an samu, sai maganar inda aka tura mutum. Ana iya kai Bahaushe ƙauyen da ba ya jin harshensu, ajinsa rumfar zana, ɗalibai sun haura saba'in. Haɗarin irin waɗannan azuzuwa ba ɓoyayye ba ne: a 2021 gobara ta ci azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilu, ta sake ci a Maraɗi cikin Nuwamba, yara da dama suka rasu. A jihohin Tilaberi da Difa kuwa rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu, malami ya zama abin farauta. Matar aure kuma tana da nata lissafin: ta bar miji da yara ta tafi, ko ta ƙi zuwa ta rasa gurbin.

Jarrabawar 2017

A 2014 binciken PASEC, wanda ke auna karatun yara a ƙasashe masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa cikin yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Nijar ce ta zo ƙarshe cikin ƙasashe goma. Ido ya koma kan malamai. A watan Yulin 2017, ministan ilimin firamare Daouda Mamadou Marthé ya shirya jarrabawar auna malaman kwantiragi. Ƙungiyoyin malamai suka yi kiran a ƙaurace mata. Da sakamako ya fito, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka samu rabin maki. Dubbai suka rasa kwantiraginsu, wasu don faɗuwa, wasu don ƙin zama.

Lokacin ban jima da fitowa daga makarantar koyon aikin jarida ta IFTIC ba, kuma na tuna yadda gari ya rabu biyu. Iyaye suna da gaskiya: ba a ba wanda bai iya karatu ba amanar koya wa yaro karatu. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba. Wa ya koyar da waɗannan malamai? Yawancinsu yaran shekarun yajin aiki ne, waɗanda suka yi firamare lokacin da azuzuwa ke rufe. Wa ya ɗauke su, wa ya ba su aji bayan ɗan gajeren horo? Ƙasa ta shuka tsiya a shekarun 1990, ta zo girbi a 2017 tana mamaki.

'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka sun san irin wannan. A wannan shekarar ta 2017, gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 cikin kusan 33,000 sun faɗi, ta sallame su. Masu saurarena na Katsina da Daura da ke kama tasharmu sun riƙa bugowa suna cewa ciwon ɗaya ne, sunan magani ne ya bambanta.

Yadda ake jurewa

Mai jiran aiki ba ya zama hannu rabbana. Na san masu shaidar malanta da ke tuƙa kabu-kabu a Maraɗi, takardunsu na cikin leda ƙarƙashin katifa. Wasu na koyarwa a makarantu masu zaman kansu kan kuɗin da bai kai rabin alawus ɗin gwamnati ba, don dai kada hannu ya manta alli. Wasu na bin gidajen masu hali da yamma suna yi wa yara bita. Da damina a koma gona. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, akwai waɗanda suka ajiye takardu suka bi ayari. Mata kuwa ga ɗinki, ga sayar da turare da atamfa ta waya. Ƙanwata ita ma da kuɗin dambun nama da take yi ta sayi tambur na karo na uku.

Waɗanda suka samu kwantiragi kuma sun ƙirƙiro nasu dabarun. Akwai adashe tsakanin malaman makaranta ɗaya, don wanda matarsa ta haihu ko za a yi masa aiki a asibiti. Akwai mai kantin ƙauye da ke ba da gero da sukari sai alawus ya fito. Akwai mai gari da ke ba baƙon malami ɗaki, iyaye su riƙa aiko masa da tuwo. Akwai rukunonin WhatsApp inda ake tura hoton duk wata sanarwa da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, wanda ke Yamai ya duba wa na Tanut sunansa a jikin allo. Akwai kuma ƙungiyoyin ƙwadago, tsohuwar SNEN da SYNACEB ta 'yan kwantiragi, waɗanda yajin aikinsu ya sha tilasta a biya bashin alawus ko a buɗe ƙofar lamba.

Sai dai kowace dabara da farashinta, kuma yaro ne ke biya. Malamin da ya kwana kan babur ba zai shirya darasi ba. Wanda ya tafi birni bin sawun alawus ya rufe aji kwana uku. Wanda ya samu aiki a wata ƙungiyar agaji ko ya ci jarrabawar shiga kwastan, ranar zai ajiye alli, kuma galibi mafi ƙwazo ne ke fara tafiya. Haka koyarwa ta zama tashar jiran mota, ba garin da aka nufa ba.

Abin da nake gaya wa masu bugowa

Yanzu idan wani ya bugo ya ce malaman zamani ba kamar na da ba ne, nakan ce masa gaskiya ne, amma ya ƙarasa maganar. Na da an zaɓe shi, an ciyar da shi, an horar da shi shekaru, an ba shi lamba ran da ya fito. Na yanzu shi ya biya kuɗin takardunsa, ya jira, aka ba shi rumfa da alawus mai makara. Ba a kwatanta gudun dokin da aka ba dawa da na wanda aka bari da kara. Idan ana son a tsananta wurin zaɓe, to a tsananta, yaranmu sun cancanci haka. Amma wanda ya ci, a gaya masa a fili shekara nawa zai yi kafin lamba da sharuɗɗan samunta, a manna jerin sunaye inda kowa zai gani, a biya shi ƙarshen wata. Wanda ya san ranar da jiransa zai ƙare ba ya neman ɗan abin shan ruwa, ba ya kuma neman hanyar gudu.

A karo na ukun nan sunan ƙanwata ya fito. An tura ta wani ƙauye a arewacin Dakwaro, tafiyar yini guda daga gida. Daren da za ta tafi, Baba ya buɗe tsohuwar akwatinsa ya ɗauko littafin shirya darasi da ya yi amfani da shi a shekararsa ta farko, takardun sun yi ja, ya miƙa mata. Ya ce, "Ki riƙe yaran mutane da amana, ko an biya ki ko ba a biya ki ba. Amma kada ki daina tambayar haƙƙinki."

Ajinta yara 68 ne. Ta ce mutanen garin suna kiranta Madam, mai gari ya ba ta ɗaki kusa da na matansa. Alawus ɗinta na farko sai da ta yi wata uku kafin ta gan shi. Takardunta na neman lamba kuwa suna nan a haɗe cikin leda, ban da ta kotu, wadda ta ce ba za ta karɓo ba sai ta ji sanarwa, kada ta mutu a banza.

Allah ya ba masu nema sa'a, ya kuma ba masu riƙe da al'amuranmu ikon sauke nauyin da ke kansu.